Glock, SIG Sauer ko Beretta: wacce zan saya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan ƙananan bindigogi. Dokar ƙasar da nake zaune ta yarda a mallaka, na gama kwas, lasisina ya fito. Yanzu zaɓi ne ya tsaya min a rai tsakanin Glock 19, SIG Sauer P320 da Beretta 92. Don tsaron gida nake so, da zuwa filin koyon harbi. Hannuna ƙanana ne, kuma akwai yara uku a gidan. Wacce za ku ɗauka in ku ne?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ni Glock 19 zan ce. Kamfanin Ostiriya ne, jikinta roba ce mai ƙarfi, tana ɗaukar harsashi 15 na milimita 9. Kayan cikinta kaɗan ne, kwance ta a goge a mayar ba ya cin lokaci, kuma kubenta da kayan gyaranta ba sa wuyar samu. Amma ka sani ba ta da madannin kariya da ake turawa da babban yatsa, kariyar tana jikin kunamar. Dole yatsanka ya saba zama a gefe har sai ka yi niyyar harbi.

Amsa ta biyu:
Malam, tunda ka ce hannunka ƙanana ne, Beretta 92 za ta iya ba ka wahala. Bindiga ce mai daraja, sojojin Amurka sun ɗauke ta a 1985 da sunan M9, sai a 2017 suka zaɓi P320 ta maye gurbinta. Sai dai mariƙinta kauri ne da shi, harbin farko kuma kunamar tana da nisa da nauyi. Na taɓa sayen wata don suna kawai, yatsana da ƙyar yake kaiwa kunama, saitina kullum yana karkacewa gefe ɗaya. Wata shida na sayar da ita da asara, har yau abin yana min ciwo. Je filin da ke ba da haya, ka harba kowacce kamar harsashi 50. Ka haɗa da Smith & Wesson M&P, ana canza bayan mariƙinta ya dace da tafin hannu. P320 ma ana sauya mata mariƙi gaba ɗaya.

Mai tambaya:
Na gode yaya. To in na koma kan ƙarama sosai irin SIG Sauer P365 fa, tunda hannun nawa haka yake?

Amsa ta biyu:
A'a ƙanena, nan mutane ke yin kuskure. Ƙaramar bindiga mara nauyi ta fi dukan hannu idan ta tashi, don babu nauyin da zai shanye ƙarfin. An yi P365 ne don mai ɗauka a jiki. Kai da gida za ka ajiye, matsakaiciya ta fi maka sauƙin koyo.

Amsa ta uku:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni uwa ce, maganar yaran nan ce ta tsaya min. Baban yara, kafin bindigar ta shigo gidan ka fara sayen akwatin ƙarfe mai makulli, ka kafe shi yadda ba za a ɗauke ba. Cire gidan harsashi ba ya nufin babu komai a ciki, ɗaya kan rage a bututu, sai an ja an duba da ido. Ka yi magana da maiɗakinka ma, ta san inda take.

Mai tambaya:
Wallahi Hajiya kin yi gaskiya, akwatin zan fara saya. Ranar Asabar zan je in gwada Glock 19, P320 da M&P, in sha Allah zan dawo in faɗa muku wacce ta zauna min a hannu.