Mai gawayi na son har kututture, ƙasar za ta jure?

Abban Hafsat: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya bar mana gonar itacen turare, kadada biyu, can wajen Gumel. Bara sanduna kawai muka sayar wa masu rufin ɗaki, rassa da ganye muka bar su a wurin. Bana wani mai gawayi ya zo da tayi mai tsoka, amma da sharaɗin zai kwashe komai, har kututture zai tono. Yayana ya ce a karɓa, kuɗin makarantar yara na jira. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Yaya mutum zai gane ko ƙasarsa za ta jure irin wannan?

Malamin Daji: Wa'alaikumus salam, Abban Hafsat. Tun da ka ce Gumel, na san jigawa ce, amma gwada da hannunka. Ɗebi ƙasar, ka yayyafa mata ruwa, ka murza a tafin hannu. In ta miƙe kamar igiya, akwai laka, tana riƙe ruwa da taki. In ta wargaje, rairayi ne, ba ya ajiya. Sai ka haƙa rami zuwa gwiwa ka dubi kaurin baƙar ƙasar sama, ka kuma lura ko ka ci karo da marmara da wuri, ko wurin gangare ne. Abin da mutane ba su gane ba, yawancin abincin da itace ya zuƙo yana cikin ganye, ƙananan rassa da ɓawo ne, na cikin gungumen bai kai nasu ba. A rairayi, ganyen nan da gara ke ci tana mayarwa ƙasa, shi ne jarinka.

Maman Ilham: Ƙanina, ko a Finlan da muke zaune, inda ake ƙona rassa a tashoshin ɗumama gidaje, shawarar masana ita ce a bar kusan kashi 30 cikin 100 na rassan a daji, kuma a bari rassan su bushe ganyen ya zube kafin a ɗauka. A Suwidin har toka ake mayarwa dajin. Su da ke da dusar ƙanƙara ke nan, ballantana mu da iskar hunturu ke share fili.

Ɗan Maraɗi: Ni kututturen ne ya tsaya mini a rai. Na taɓa yarda aka tone na dogon yaro a gonata, damina biyu ruwa ya yanka mini kwazazzabon da ya kai ƙugu, mai gawayin kuwa ko lambarsa ba ta shiga. Turare in an sare shi yana sake tofo. Wanda ya tone kututture ya sayi saranka na gaba ne a kuɗin na yau.

Abban Hafsat: Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, ɗazu na murza, ko dunƙuluwa ba ta yi ba. Gungume kawai zan ce wa mai gawayin ya ɗauka. Saura shawo kan Yaya.