Shafina ya tsaya fari fat a GitHub Pages, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ina fama da abu ɗaya a ɗakina a Samaru, Zariya, har barci ya ƙaurace min.

Na haɗa shafin nuna ayyukana da Vite da React (kayan aikin gina shafukan intanet), da umarnin npm create vite@latest. A kwamfutata komai na tafiya sumul a localhost:5173 (adireshin gwaji na cikin kwamfutar), har hotona ya zauna daidai. Amma da na yi npm run build na ɗora abin da ke cikin dist (foldar da umarnin ke zuba shafin da aka gama haɗawa) a GitHub Pages, wurin ɗora shafi a intanet, sai fari kawai nake gani, ko harafi ɗaya babu. Da na danna F12 don ganin kurakurai a burauza, fayilolin JavaScript da CSS duka 404 suke nunawa, wato ba a same su ba; burauza tana neman su a /assets/ ba tare da sunan ma'ajiyata ta GitHub a gaba ba.

Wani abokina ya ce in saka base (farkon adireshin fayilolin) a vite.config.js, fayil ɗin saitin Vite. Na saka, CSS ya dawo, sai dai shafin bai fito ba, wataƙila saboda React Router da nake amfani da shi wajen sauyawa daga shafi zuwa shafi. Shin basename (farkon adireshi a React Router) ma sai na gyara, ko in koma HashRouter, nau'insa mai saka # a adireshi?

Ranar Litinin zan tura adireshin wurin neman aiki, datata kuma ta kusa ƙarewa. Don Allah wanda ya sani ya nuna min.