Kalmomin likitanci na fata da farce sun ƙi zama a kaina, ku taimaka mini

Ɗalibar Jinya:

Assalamu alaikum. Ina shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya, saura mako uku mu zauna jarrabawar darasin sassan jiki. Ɓangaren ƙashi da na jini ban sha wahalarsu ba, amma da muka iso kan fata da gashi da farce sai komai ya cakuɗe mini. Na cika littafi guda da kalmomi, ina bitarsu bayan sallar asuba kamar yadda muke hadda a islamiyya, amma kafin azahar sun zube. Waɗanda suka fi ba ni wahala su ne masu farawa da onycho: onycholysis, onychomycosis, onychocryptosis, onychophagia. Da na rufe littafi sai in ɗauki ma'anar wannan in ɗora wa wancan.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, ranar Talata an kai mu asibiti ganin aiki. Wata uwa ta kawo yaronta ɗan shekara shida, gefen farcen babban yatsansa ya kumbura ya tara mugunya, ya riƙe hannun sama yana ta kuka. Ina gani na san ɗan karkare ne, don ƙanena ya taɓa yin irinsa, kakarmu ta riƙa tsoma masa yatsan a ruwan ɗumi da gishiri. Malamar da ke tare da mu ta juyo ta ce in faɗi sunansa na littafi. Na san na rubuta kalmar, har ina tuna a ƙasan shafi take, amma bakina ya ƙi buɗewa. Wata ce ta ce paronychia. Tun ranar abin yake ci mini rai, don na san ciwon, na san sunan, amma a kaina ba su taɓa haɗuwa ba. Don Allah waɗanda suka riga mu, ya kuka yi?

Tsohuwar Nas:

Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, ba ƙwaƙwalwarki ce da laifi ba, hanyar ce. Kina haɗiye kalmar ɗungurungum, alhali guntu-guntu aka harhaɗa ta, kuma guntu-guntu ake cinta.

Kusan duk kalmomin nan daga Girkanci da Latin aka ɗebo su, shi ya sa za ki ga abu ɗaya da suna biyu. Fata a Girkanci derma, a Latin cutis. Farce a Girkanci onyx, daga nan aka sami onycho, a Latin kuma unguis. To tunda duk kalmomi huɗun da kika lissafa farce ne a gabansu, ki daina kallon gaban, ki dubi wutsiyar. Lysis kwancewa ne, don haka onycholysis farce ne ya ɗago ya rabu da naman da ke ƙarƙashinsa. Myco dangin fumfuna ne, irin wadda ke fitowa a jikin burodi, shi ne farcen da ya yi kauri ya canza launi yana marmashewa. Crypto ɓoyewa, farcen da ya nutse cikin nama, galibi a babban yatsan ƙafa, wurin masu yanke farce can ƙasa ta gefe ko masu matsattsen takalmi. Phagia ci, mai cizon farce ke nan. Na yaron nan kuwa para ne, wato gefe ko kusa da, ciwon da ke gefen farce. Da kin san para, da ko ba ki taɓa haddace kalmar ba, za ki iya ƙera ta da kanki a tsaye a wurin.

Ita fata kuma, ni ranar rigakafi na koye ta, ba a aji ba. Epi sama, intra ciki, hypo da sub duka ƙasa. Allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da muke yi wa jarirai a dantsen hagu intradermal ce: ki kwantar da allura kusan ta kwanta a jikin fata, ki tura ruwan a hankali har ki ga ɗan tudu fari ya taso. Idan tudun bai taso ba kin wuce wurin. Allurar insulin ta masu ciwon sukari kuwa subcutaneous ce, cikin kitsen da ke ƙarƙashin fata. Ranar da hannunki ya yi waɗannan biyun, ba wanda zai sake koya miki bambancin epidermis da dermis da hypodermis.

Sannan ki mayar da hannunki littafi. Ki dubi gindin farcen babban yatsanki, farin nan mai kama da jinjirin wata sunansa lunula, ma'anarsa ƙaramin wata. Farcen hannu yana tofo wajen milimita 3 a wata, na ƙafa bai kai rabin haka ba, shi ya sa idan na hannu ya fita yakan ɗauki kamar wata 6 kafin ya cika, na ƙafa kuwa shekara ko fiye. Ke da kike ƙunshi ma kin sha ganin wannan: bayan biki za ki ga jan lallen yana tafiya gaba, fari yana biyo shi daga gindi. Haka ciwo mai tsanani yake barin alama. Mutum ya kwanta zazzaɓi mai zafi, farce ya dakata da tofo, bayan makonni sai ki ga layi ya ratsa faratan a kwance. Wani likitan Faransa mai suna Beau ne ya bayyana shi a 1846, da sunansa ake kiran layin har yau.

Wadda nake so ki riƙe da kyau ita ce koilonychia. Koilos rami ne, farce ya lotsa a tsakiya kamar cokali, har in kin ɗiga masa ruwa ya zauna bai gangaro ba. Sau da yawa alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ne a jini, kuma na gan shi a awon ciki ba sau ɗaya ba. Sai dai matanmu da yawa da lalle suke zuwa, ba za ki ga launin farcen ba balle ki danna ki ga dawowar jini. A nan sai ki ja fatar idon matar ta ƙasa, ki duba harshe, ki ga ko sun yi fari.

Jami'in Lafiya a Karkara:

Hajiya ta gama magana a kan farce, Allah ya saka. Ni abu ɗaya zan ja miki kunne a kai, ƙanwata. Haɗa sunan littafi da na Hausa yana taimako ƙwarai, amma kada ki ɗauka kowane suna yana da abokinsa guda. Shi kansa ɗan karkare, a wurin mutanenmu har da wanda ke kama tsokar kan yatsa, kuma wannan a littafi sunansa daban, maganinsa ma ya fi gaggawa. Kalmar ƙuraje kuwa ta haɗa komai, daga na fuska zuwa ƙyanda.

Wasu dai suna zama daram. Makeron kai tinea capitis ne, sai ki canza wutsiya: corporis jiki, pedis ƙafa, unguium farce, ga unguis ɗin Hajiya ya dawo. Ƙurajen zafi da ke addabar yara a watan Afrilu miliaria ne, daga kalmar Latin ta gero, don ƙanana ne kamar tsabar gero. Kyasbi kuma pityriasis versicolor, kalmar farko daga dusa take, ki kankara wurin da farce ki ga garin da ke tashi.

A kan kyasbin nan ne na taɓa yin kuskuren da har yau nake tunawa. Farkon fara aikina wani magidanci ya zo da farin tabo a bayansa, ya ce kyasbi ne, ni ma na rubuta kyasbi na ba shi man shafawa. Bayan wata biyu ya dawo ba sauƙi. Babban jami'in da nake ƙarƙashinsa ya murza auduga ta yi tsini, ya ce mutumin ya rufe ido, ya taɓa fatar gefe, mutumin ya nuna wurin da yatsa. Ya taɓa tsakiyar tabon, shiru. Kuturta ce. Alhamdu lillahi an kama ta da wuri, maganinta kyauta ne, na wata 6 ko 12 gwargwadon nau'inta, kuma ya warke ba tare da ya rasa ko yatsa ɗaya ba. Amma wata biyun nan ni na jawo masa, don na karɓi suna kafin in duba.

Saboda haka kafin sunayen cututtuka, ki fara ƙwarewa a kalmomin siffantawa, waɗanda wani likitan Ingila, Robert Willan, ya tsara sama da shekara 200 da suka wuce. Ki rufe ido ki shafa da yatsa. Idan launi ne kawai ya canza, ba ki ji tudu ba, macule ne. Idan ya taso da tauri kuma bai kai santimita 1 ba, papule. Mai ruwa garau a ciki vesicle, in ya girma kamar bororon ƙuna ya zama bulla, mai mugunya kuma pustule. Wanda ya taso da ƙaiƙayi ya ɓace cikin sa'o'i, irin na borin jini, wheal.

Kuma ki sani yawancin hotunan da ke littattafanku na farar fata ne. Za a ce miki erythema ja ne, ki je kina neman ja a jikin Bahaushe ba ki gani ba. A fatarmu wurin yakan ƙara duhu ne ko ya yi sheƙi, sai kin sa bayan hannu kin ji zafinsa, kin kwatanta da ɗaya ɓangaren.

Ɗan Aji Uku:

'Yar uwa, ga tarko biyu da suka kama da yawa a ajinmu. Hidro da harafin i gumi ne, hydro da y ruwa ne, don haka hyperhidrosis, yawan gumi, da i ake rubuta shi, kuma ana rage maki a kai. Na biyu kerato: asalinsa ƙaho, daga nan keratin ya fito, abin da aka gina farce da gashi da shi. Amma keratitis ba ciwon fata ba ne, kumburin gilashin gaban ido ne.

Ni kwalin magani nake yankawa ƙanana, guntun kalma a gaba, ma'ana a baya, goma kacal a aljihu kowace rana. Xero, wato bushewa, da hunturu na riƙe ta, ina kallon fason ƙafar masu turin ruwa a layinmu.

Ɗalibar Jinya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Daren jiya na ajiye tsohon littafin na buɗe sabon shafi, na raba shi uku: gaba, tsakiya, wutsiya. Kalmomi sama da 60 da nake fama da su sun koma guntaye 24. Da safe na kama hannun mahaifiyata na duba faratanta ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙofa inda haske yake, na ga ɗigon fari a biyu daga ciki. Na san leuko fari ne daga darasin jini, sai na ce leukonychia kafin in buɗe littafi, da na duba kuwa haka ne. Mama Nas, ita ta ce tun suna yara ake ce musu rashin sinadarin ƙashi ne ke kawo shi. Gaskiya ne?

Tsohuwar Nas:

A'a 'yata, ƙananan ɗigon nan galibi ɗan bugu ne gindin farcen ya samu makonni da suka wuce, wajen wanki ko daka, mutum bai ma lura ba. Zai bi farcen ya fita da kansa. Wanda za ki kai ta asibiti a kansa shi ne idan faratan duka suka yi fari fat, don wannan yakan zo da ciwon hanta ko na ƙoda. Ki sa alama a inda ɗigon yake yau, ki sake aunawa ranar da kuka gama jarrabawa, ki zo ki faɗa mini milimita nawa ya matsa.