Agogon kwamfutata ya ƙi tsayawa daidai, ya ake saita shi da sabar lokaci?

Ɗan_Koyo:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Agogon kwamfutata ta tebur kullum baya yake ja, in na gyara da hannu sai bayan ɗan lokaci in ga ya sake baya da minti biyu ko uku, da ban damu ba wallahi sai da manhajar lambobin tantancewa na shiga asusu ta fara ba ni lambar da ake ƙin karɓa. To jiya kuma na cire kwamfutar daga wuta na kwana ɗaya, da na kunna sai na ga har shekarar ta canza, burauza ta ƙi buɗe ko wane shafi wai satifiket bai inganta ba. Na danna wajen daidaitawa da intanet ya ce ya kasa. Windows nake amfani da ita.

Injiniya_Shiru:
Wa alaikumus salam. Lambobin nan duk sakan 30 suke canzawa shi ya sa minti biyu ma ya isa ya hana ka shiga. Kafin ka gyara komai fara auna tazarar tukuna, buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a matsayin admin ka rubuta

w32tm /stripchart /computer:time.windows.com /samples:5 /dataonly

zai nuna maka sakan nawa ne tsakaninka da sabar ba tare da ya taɓa agogon ba. In amsa ba ta dawo ba ko kaɗan to ana toshe maka ƙofar UDP 123 ne, ta nan NTP ke bi, wato tsarin da kwamfutoci ke daidaita lokaci da shi ta intanet, ka duba fayawol ko rauta. In ta dawo sai ka yi net start w32time sannan w32tm /resync. Amma fa ka fara gyara kwanan wata da hannu ya kusanto daidai, domin kwamfutar da ba ta cikin domen, wato hanyar sadarwa irin ta ma'aikata mai saba ta tsakiya, ba ta yarda ta yi tsallen da ya wuce awa 15, ina ga abin da ya sa ya ce maka ya kasa kenan.

Mai_Sukundireba:
Malam duk wannan umarnin zai yi aiki amma ciwon na nan, batirin CMOS ɗinka ne ya mutu. Wani ɗan batir ne kamar kwabo a kan madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, CR2032, bolt 3, shi ke riƙe agogo in babu wuta. Canza shi kawai ka shiga BIOS, wato saitin madabod da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka sa lokaci. Ja da baya kaɗan-kaɗan kuwa ko da sabon batir sai an yi, ɗan kiristal ɗin da ke bugawa sau 32,768 a sakan ba ya taɓa zama cif, zafi da sanyi ma na taɓa shi, kuskuren kashi 20 cikin miliyan kaɗai ya kusa sakan 2 a rana.

uwar_linux:
Bari in ƙara wani abu da mutane ke yawan ruɗewa a kai. Sabar lokaci UTC kawai take ba ka, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, ba ruwanta da yankin da kake. Saboda haka in ka ga kuskuren awa ɗaya ko biyu cif-cif babu ragowar mintuna, kar ka wahalar da kanka da resync, saitin yankin lokaci ne. Haka nan mai Windows da Linux a inji ɗaya, Linux na ajiye agogon madabod a UTC ita kuma Windows tana ɗaukarsa lokacin gida, sai su yi ta ja-in-ja duk sanda ka sauya.

Yadda NTP ke aiki ma yana burge ni gaskiya, David Mills na jami'ar Delaware ne ya tsara shi tun 1985 kuma har yau da shi ake tafiya. Kwamfutarka na rubuta sanda ta aika tambaya, saba ta rubuta sanda ta karɓa da sanda ta mayar, ke nan lokuta huɗu har da na isowar amsa, da su ake cire jinkirin hanya a gano ainihin tazarar. Sabobin kuma hawa-hawa ne, mataki na 1 shi ke jone kai tsaye da agogon atom ko GPS, in ka ga mataki na 16 to ba a daidaita ba sam. Mu masu Linux umarnin chronyc tracking muke dubawa, kuma chrony, wato abin da ke daidaita mana lokaci, ba ya son fizgar agogo lokaci guda, a hankali yake ƙara masa sauri ko ya rage har ya cimma daidai, sai in ka matsa masa da chronyc makestep.

Ɗan_Koyo:
Allah ya saka da alheri. Na gyara kwanan wata da hannu, resync ya wuce, yanzu stripchart na nuna min ƙasa da rabin sakan kuma lambobin sun fara shiga. Batirin ne ban canza ba tukuna, na buɗe murfin na gan shi amma wani ɗan ƙarfe ya danne shi ta gefe, turawa ake yi ko ɗagawa? Ina tsoron kar in ɓalla.