Kamfanin takalma na Legas na so in yi musu zane a fata: in karɓa ko in bari?

Mai Zayyana, Ringim:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma an ba ni zuwa Juma'a in ba da amsa. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim. Zayyanar allo na koya wurin malaminmu, daga baya na fara yin ta a kan fata: gafaka, walat, 'yar jakar mata. Ƙanwata ce ke sa hotunan a Instagram, har wata mata mai kamfanin takalma a Legas ta gani ta kira ni. Tana so in zana mata saman takalma ƙafa 150 da jaka 30 kafin Babbar Sallah. Su za su aiko fatar a yanke, ni in sayi fenti in zana, su haɗa a can. Ta ba ni zaɓi biyu. Ko Naira 3,000 kowace ƙafa, zanen ya zama nasu, babu sunana. Ko kuma Naira 1,200 da kashi 8 cikin 100 na abin da aka sayar, a buga sunana a cikin takalmin. Duk wanda ya ɓaci za a cire a kuɗina. Sati shida ne, ga sharar gona ta gabato, ni kaɗai ne babba a gidanmu. Babu rubutun Larabci ko kaɗan, dagi ne da zanen gefen allo kawai. Wanda ya taɓa irin wannan aiki, wanne zan ɗauka?

Na Malam:
Ɗan'uwa ka ji tsoron Allah. Rubutun allo a takalmi, a riƙa shiga banɗaki da shi?

Uwar Biyu, Gumel:
Malam ka sake karantawa, ya ce babu rubutu. Ƙanena, ɗauki dubu ukun ka huta. Kuɗi a hannu shi ne kuɗi. Kashi takwas ɗin nan wa zai ƙirga maka shi kana Ringim suna Legas?

Ɗan Wambai:
Dubu uku ai sadaka ce ka yi musu. Yaron da ke mana zane a shago 5,000 yake karɓa, kuma bai kai ka hannu ba. Ka shigo birni kawai ka kama rumfa.

Tsohon Baduku, Gezawa:
Ɗana, zauna ka ji nawa. Dukanci gadona ne, kakana a Kurmi ya yi rumfa, ni kuma shekara talatin da wani abu ina riƙe da basilla. Shekaru huɗu da suka wuce wasu yara biyu suka zo har ƙofar gidana da mota da kyamara, wai kamfanin takalma ne. Suka durƙusa suka gaishe ni, Baba kaza, Baba kaza. Suka ɗauke ni hoto ina zaune a kan buzu, suka ɗauki tukunyar kulokona ta baƙin rini, har tsohuwar askata sai da suka ɗauka. Na yi musu samfuri kala goma sha biyu ban karɓi ko sisi ba, don sun ce tare za mu girma.

Aka ba ni ƙafa 200, aka ba ni rabin kuɗi. Na ɗauki yara huɗu, na sayar da bijimin da nake huɗa da shi na sayi kayan aiki, a kan in an cika min in sayi wanda ya fi shi a Wudil. Wata biyu muna yi har da fitila. Fatar da suka aiko tana sheƙi kamar leda, na ce musu wannan ba ta shan rini, suka ce in yi haka nan. Na yi, na tura. Bayan sati uku sai ga buhu a tasha: ƙafa 70 an dawo da su, wai zanen ya tsage a wurin da ƙafa ke lanƙwasawa. Cikon kuɗina aka ce ya tafi a asara. Waya tun ana ɗauka har aka daina.

Abin da ya fi ci min rai ba kuɗin ba ne. Shekara na zagayowa jikana ya nuna min a wayarsa, ga zanena nan, wanda mahaifina ya koya min, inji ya buga shi a takalma, ga hotona a gefe ina murmushi. A daminar da ta wuce ma hayar shanun huɗa na yi.

Uwar Biyu, Gumel:
Innalillahi. Baba Allah ya saka muku. Ba ku kai ƙara ba?

Tsohon Baduku, Gezawa:
'Yata, da wace takarda? Da baki muka yi. Na je wurin dagaci, ya ce mutanen da ba ƙasarsa suke ba ya zai kira su? Yaran nan huɗu, biyu suna acaba yanzu, ɗaya yana Abuja yana gadi.

Ɗalibin Samaru:
Baba ku yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma tsagewar nan tana da dalili. A cibiyar nazarin fata ta Zariya na yi karatu. Fatar majema da aka jeme da bagaruwa tana shan rini, shi ya sa karan dafi da kuloko ke zama a jikinta har ta tsufa. Ta kamfani, irin ta Sharada da Challawa a Kano, yawanci da sinadarin kurom ake jeme ta, sannan a shafe samanta da wani abu kamar roba. Duk abin da ka ɗora a kai a sama yake tsayawa. Sai an goge saman da asiton, wato sinadarin goge fenti, a yi amfani da fentin fata irin su Angelus, a shafa siriri-siriri sau uku ko huɗu ana bari yana bushewa, a rufe da abin kariya. Mai Zayyana, ka ce su fara aiko guda biyar. Ka zana, ka lanƙwasa sau ɗari, ka jiƙa, ka shanya a rana. In ya tsage, a san fatarsu ce tun kafin a yi nisa. Batun mallaka kuma, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ce ba a sallama zane sai a rubuce. Ka ba su aron zanen na Sallar bana kawai, kada ka sayar.

Tsohon Baduku, Gezawa:
Yaro, takalmi nawa ka taɓa ɗinkawa da hannunka? Tun ba a haifi mai Angelus ba Turawa ke sayen jar fatarmu suna ce mata fatar Maroko, don kawai ta can ta bi da ayari. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana fitar da takalmanmu har Arewacin Afirka. Da wane asiton aka yi su?

Ɗalibin Samaru:
Allah ya ba ku haƙuri Baba, ban raina ku ba. Ai maganarku nake ƙarfafawa, ku ne kuka fara gaya musu fatar ba ta shan rini.

Ɗan Wambai:
Daga mai takarda har mai basilla babu wanda ke tsayawa da mai saye. Mu ne muka san abin da ke fita. Takalmin zane a kantunan Legas 60,000 ake sa masa.

Hajiyar Lefe, Dutse:
Wane 60,000? Watan jiya na saro irinsa 18,000, fata zalla, da zanensa.

Ɗan Wambai:
Hajiya wannan na Aba aka ba ki, ki kankare gefe ki gani.

Hajiyar Lefe, Dutse:
Shekara goma sha biyu ina haɗa lefe, kai ne za ka koya min fata? In dai a kan 18,000 ne, kashi takwas 1,440 ne, a haɗa da 1,200 bai kai dubu ukun ba. In 60,000 ne ya wuce. To ƙanena, ka tambaye ta nawa za ta sayar, nan maganar take.

Bazazzagi:
Ni dai abin da ya ba ni mamaki, an ce Bakano ya yi samfuri goma sha biyu kyauta. A rubuta ranar nan a ajiye.

Ɗan Wambai:
Kai da kuka zo Kurmi da silifas ƙafa daban-daban, kai ma har da bakinka?

Mai Zayyana, Ringim:
Na gode duka. Baba, labarinku ya sa jikina ya yi sanyi. Ɗalibin Samaru, fentin nan nawa ne, kuma ƙafa nawa kwalba ɗaya ke yi? Don ban sa shi a lissafi ba.

Ɗalibin Samaru:
Ƙaramar kwalba na saya 9,000 a Legas.

Ɗan Wambai:
4,500 ne a Sabon Gari.

Ɗalibin Samaru:
Wannan ba shi ba ne, kwalbar ce kawai iri ɗaya.

Majemi, Ɗambatta:
Kuna ta maganar fenti, ita fatar tana ina? Ranar Lahadi na zagaye kasuwarmu, kirgin saniya mai kyau guda ɗaya ban samu ba. Masu ganda sun riga mu, tun a mahauta suke biya, a babbake a loda a mota sai Kudu. Ta akuya da ta tumaki kuma dillalan kamfanoni sun kwashe, a jeme a tura Italiya da Sifen, mu a bar mana mai huji. Ramukan jima shida mahaifina ya bari, biyu ke aiki. Bagaruwar ma da yara ke tsinto mana kyauta, yanzu a kwano ake auna ta, don an sare itatuwan an yi gawayi.

Uwar Biyu, Gumel:
To a bar talaka da gandarsa mana. Nama ya fi ƙarfinmu, ita ma a hana mu?

Ɗalibin Samaru:
A 2022 shugaban cibiyarmu ya kawo maganar hana cin ganda, aka yi ta surutu, maganar ta mutu. Amma wani laifin namu ne. Ranar layya ku duba yadda ake fiɗa, wuƙa ta huda fata wuri biyar, a yar da ita a rana babu gishiri har ta fara wari.

Majemi, Ɗambatta:
Gishirin nawa ne buhu yanzu? Ka saya ka ba su mana. Bara fatun layya 40 aka tara a masallacinmu, 11 kaɗai na iya ɗauka.

Ɗan Maigatari:
Ku zo ranar Alhamis, fatar jar akuya na shigowa daga Nijar, sai dai canjin sefa ya sa ta yi tsada. Majemi, in kana so in riƙe maka guda ashirin.

Tsohon Baduku, Gezawa:
Ɗan Maigatari ka riƙe min biyar, marasa ƙazuwa. Kai kuma ɗana na Ringim, kada ka sayar da dabbarka saboda aikin kowa.

Mai Zayyana, Ringim:
In sha Allahu Baba. Na tura mata saƙo a kan gwajin guda biyar da farashin da za ta sayar, ta gani ba ta amsa ba tukuna. Gobe Alhamis. Har yanzu ban ji wanda ya taɓa karɓar kaso ya ga kuɗinsa ba, in akwai don Allah ya yi magana.

Majemi, Ɗambatta:
Ɗan Maigatari, ashirin ɗin nawa za su kama har da kuɗin mota?