Yadda za a ja wayoyin wuta a babban shimfiɗin ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gida

Mai Ƙaramin Jirgi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan harka. Ina gina shimfiɗin ƙaramin jirgin ƙasa na ma'aunin HO, wato kashi 1 cikin 87 na girman jirgin gaske, a kan tebura da suka zagaye ɗaki, kuma tsawon babban layin zai kai kimanin mita 30. Tsarin DCC nake amfani da shi, wato wanda ke aika wuta da umarni ga kowane jirgi ta cikin ƙarafan dogon, da busta guda mai amfiya 5, wato na'urar da ke tura wannan wuta zuwa dogon. A yanzu wayoyi biyu kacal na jona wa dogon a wuri ɗaya, kuma na lura cewa da zarar kan jirgi ya yi nisa da wurin sai gudunsa ya ragu, fitilarsa ta dushe, wani lokaci ma ya tsaya cik. Shin ƙarfin bustar ne ya gaza, ko kuwa a wayoyin matsalar take? Akwai kuma da'irar juyawa da nake son ƙarawa a ƙarshen layin, wato inda layin zai zagaya ya dawo kan kansa don jirgi ya juyo.

Tsohon Mai Gyaran Rediyo ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi gaggawar sayen wata busta, domin alamun da ka zayyana ba nata ba ne. Ƙarfen dogon da ake yi wa waɗannan jirage gaurayen jan ƙarfe ne da nikel da zinki, wanda ba ya ɗaukar wuta kamar tsantsar jan ƙarfe, sannan 'yan maɗauran da ke haɗa wani yanki da wani sukan saki ko su yi dauɗa, ta yadda kowace mahaɗa sai ta ci wani abu daga ƙarfin wutar kafin ta isa ga jirgi.

Maganin shi ne a daina dogaro da dogon wajen kai wuta. Ka ja uwar waya guda biyu masu kauri a ƙarƙashin tebur, su bi layin duk inda ya nufa, sannan ka riƙa fitar da 'yan gajerun wayoyi daga jikinsu zuwa dogon, a tazarar mita ɗaya zuwa biyu, kana liƙa su da dalma a gefen waje na ƙarfen don kada su tare ƙafar jirgi. Lissafin kaurin ba shi da wuya. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 2.5, idan ta yi tafiyar mita 10 ta dawo, za ta zubar da kimanin volt 0.7 ne a kan amfiya 5, alhali siririya mai 0.5 za ta zubar da kusan volt 3.5 a wannan tazara. Tunda wutar layin HO ba ta wuce volt 14 zuwa 15 ba, ka ga siririyar ta cinye kusan rubu'inta. Siririya ta dace da gajerun rassan kawai, muddin ba su wuce tsawon kamu ɗaya ko biyu ba. Ka ajiye bustar a tsakiyar layin, wayoyin su rabu dama da hagu, kuma ka tsaya a kan launi biyu, ja ga ƙarfen waje da baƙi ga na ciki, ba tare da ka sauya ba ko sau ɗaya.

Injiniya ta amsa:

Na yarda da bayanin Baba, sai dai ina ganin ya taƙaita a kan gudun jirgi, alhali babban haɗarin siririyar waya yana wani wuri daban. Busta tana yanke wuta ne idan ta ji wani abu ya haɗa wutar ƙarafan dogon biyu kai tsaye, kamar lokacin da tarago ya goce a kan mararraba. Idan wayar ta yi rauni, wutar da za ta bi ta wurin haɗuwar ba za ta kai adadin da bustar za ta farga ba, sai ta ci gaba da turo amfiya 3 ko 4 ta cikin ƙafar tarago ɗaya, har robar da ke riƙe da ita ta narke. Saboda haka, bayan ka gama kowane sashe, ka ɗora kwabo a kan ƙarafan biyu a wuri mafi nisa: idan wuta ba ta yanke nan take ba, sashen yana buƙatar ƙarin rassa.

Shawara ta biyu ita ce ka raba shimfiɗin zuwa yankuna uku ko huɗu, ka yanka ƙarafan biyu duka a kan iyakar kowane yanki, ka ba kowanne na'urar katse wuta tasa. Ta haka gocewar jirgi a filin jera taragu ba za ta tsayar da wanda ke tafiya a babban layi ba, kuma neman inda matsala take zai zo da sauƙi. Game da da'irar juyawa, ƙarfen dama yakan dawo ya haɗu da na hagu, don haka wajibi ne a ware ta a bakinta biyu, a sa mata na'urar da ke juya wutar da kanta, kuma tsawon sashen da aka ware ya wuce na jirginka mafi tsawo, musamman idan taragunsa masu ƙafar ƙarfe ne ko masu fitila.

Mai Ƙaramin Jirgi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Tunda dalma za ta shigo cikin aikin, me zai hana in liƙe dukkan maɗauran dogon, in huta da yawan rassa?

Tsohon Mai Gyaran Rediyo ya amsa:

Ka liƙe na kan kwana, domin hakan yana hana layin yin gwiwa, amma ka bar wasu a sake a miƙaƙƙen layi, da ɗan gibi kamar kaurin katin waya. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, katakon tebur kuma yana kumbura ko ya tsuke gwargwadon laimar ɗaki, kuma layin da aka liƙe gaba ɗaya ba shi da inda zai motsa sai ya bauɗe. Duk yankin da ka bari a sake, ka tabbata yana da reshen wayarsa na kansa.