Tambaya kan tafarnuwa: sunayenta a Turanci da Turkanci, girki da ita, da batun hawan jini

Maman Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina da tambaya a kan tafarnuwa, ina kuma fatan waɗanda suka fi ni sani za su taimaka. Muna zaune a Ankara tare da maigidana da yake karatu a nan, saboda haka yawancin bayanan girkin da nake samu ko dai da Turanci suke ko da Turkanci. A na Turanci sai in ga an rubuta "three cloves of garlic", alhali ƙamus ya nuna mini cewa "clove" kanumfari ne, a na Turkanci kuma sai in ga "üç diş sarımsak", ƙamus ya ce "diş" haƙori ne. Wane ma'auni ake nufi da su?

Abu na biyu shi ya fi damuna. Wata maƙwabciyata 'yar ƙasar nan ta ba ni labarin haɗin tafarnuwa da ruwan lemon tsami da ake ajiyewa a kwalba na wasu makonni, a riƙa shan kaɗan kowace safiya, ta ce yana wanke jijiyoyin jini. Mahaifiyata a Zariya tana da hawan jini, ta kuma gaji da shan ƙwayoyi kullum. Shin zan iya ba ta shawarar ta koma wannan haɗin?

Ɗan Zazzau ya amsa:

Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Ni ɗalibi ne a Konya, zan amsa ɓangaren kalmomi da girki, in bar na magani ga masu shi.

"Clove" da "diş" abu ɗaya suke nufi a nan, wato ƙwaya ɗaya da ake ɓallewa daga dunƙulen tafarnuwa. Dunƙulen gaba ɗaya shi Turawa suke kira "head" ko "bulb", Turkawa kuma su ce "baş", wato kai. Kenan abin da aka nema a girkin naki ƙwaya uku ne kawai. Idan kin ga "cloves" ita kaɗai a jerin kayan ƙamshi, babu "garlic" a bayanta, to wannan kanumfari ne, wanda Turkawa suke kira "karanfil", kuma sunan nasu da namu duk daga Larabci aka aro su. Kalmomin aikin da za ki fi cin karo da su su ne "crushed" ko "ezilmiş" idan ana so a murƙushe, "chopped" ko "doğranmış" idan ana so a yanka, "minced" idan yankan ƙanana ne ƙwarai, sai "dövülmüş" idan dakawa ake nufi. Ƙaramin turmin da suke dakan a ciki sunansa "havan".

Akwai kalmomi biyu da ya kamata ki riƙe saboda gidajen abinci: "sarımsaklı" mai tafarnuwa ne, "sarımsaksız" kuma wanda babu ita. Mai kawo abinci yakan tambayi wanda mutum yake so idan ya nemi mantı, ɗan curin fulawa mai niƙaƙƙen nama a ciki da aka san birnin Kayseri da shi, wanda ake zuba wa kindirmo a kai. Dalilin tambayar shi ne Turkawa sun fi mu cin tafarnuwa ɗanya. Mu mun saba mu jajjaga ta da attaruhu da albasa mu soya a mai, ko mu daka ta cikin yaji, su kuwa sai su daka ta da gishiri su dama a kindirmo ba tare da ta ga wuta ba. Haka suke yin cacık, wanda ake furtawa "jajik", kindirmo ne da kokwamba da na'ana'a. Farfesun tumbinsu mai suna işkembe ma ana kawo shi tare da ruwan tafarnuwa da ruwan kal, kowa ya zuba yadda yake so. Busasshen namansu pastırma kuwa shafe shi ake yi da ƙullin hulba da tafarnuwa da jan barkono, abin da zai iya tuna miki da labun kilishi, duk da cewa ɗanɗanon ya bambanta.

In za ki saya, ki nemi ta Tashkopru, wadda ake rubutawa Taşköprü a jikin raga. Gunduma ce a lardin Kastamonu, arewa da Ankara ta wajen Bahar Aswad, tafarnuwarta tana da ƙarfi kuma tana daɗewa a ajiye, har Tarayyar Turai ta yi wa sunanta rajistar kariya a 2021. Suna yi mata biki duk shekara. A ganina ƙwaya biyu nata sun isa inda aka ce a sa uku.

Mai Kemis ya amsa:

Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya. Aikina harhaɗa magunguna ne, kuma amsata a taƙaice ita ce kada ta bar ƙwayoyinta. Bari in yi bayanin dalili, domin ba na son a ɗauka raina tafarnuwa nake yi.

Ƙwayar tafarnuwa da ba a yanka ba kusan ba ta da wari, saboda sinadarai biyu da suke cikinta a rabe suke: ɗaya sunansa aliyin, ɗayan aliyinas. Sai an daka ko an tauna suke haɗuwa, su samar da alisin, wanda shi ne mai yajin nan da warin, kuma yana cikin dangin sinadarai masu farar wuta. Wasu masana biyu a Amurka, Chester Cavallito da John Bailey, su suka fara ware shi a 1944, suka nuna yana kashe ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. Sai dai alisin ba ya daɗewa, kuma zafi da tsami mai ƙarfi duk suna lalata aliyinas. Shi ya sa ake cewa a daka tafarnuwa a bar ta kamar minti goma kafin a sa a tukunya. Shi ya sa kuma masu haɗiye ƙwayar ɗungum da ruwa da asuba ba sa samun abin da suke zato, tunda ruwan ciki mai tsami ne, haka ma ƙwayar da aka jiƙa a ruwan lemon tsami ba tare da an fara daka ta ba.

Game da hawan jini, gwaje-gwajen da aka yi a kan masu cutar sun nuna cewa tafarnuwa tana iya sauke shi da 'yan maki, galibi ƙasa da goma a lambar sama. Wannan wani abu ne, amma yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, na 'yan watanni, kuma da ƙwayoyin magani na tafarnuwa masu ƙayyadadden ma'auni aka yi su, ba da haɗin gida ba. Wanda jininsa yake kai 170 ko 180 idan babu magani, wannan ragin ba zai fitar da shi daga haɗarin shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda ba. Abin tsoro da hawan jini shi ne mutum zai iya barin magani ya yi watanni yana jin garau, ya ɗauka haɗin ne yake aiki, alhali ɓarna tana tafiya a ɓoye. Maganar wanke jijiyoyi kuwa, babu wani abin sha da aka tabbatar yana narkar da kitsen da ya riga ya manne a bangon jijiya. A 2007 wani ayarin masu bincike a Jami'ar Stanford ƙarƙashin Christopher Gardner ya ba mutum 192 ɗanyar tafarnuwa ko ƙwayoyinta ko ƙwayar da babu komai a ciki, na tsawon wata shida, ba su ga wani sauyi na kirki a mugun kitsen jini ba. Wasu binciken sun ga ragi kaɗan, saboda haka magana mafi adalci ita ce amfaninta a nan ɗan ƙanƙani ne, idan ma akwai.

Sannan tana da nata illolin idan aka mayar da ita magani. Tana rage daskarewar jini, don haka mai shan warfarin ko asfirin ya yi hattara da yawanta, wanda za a yi wa tiyata kuma ya sanar da likita, domin akan ce a dakatar da ƙwayoyinta mako ɗaya zuwa biyu kafin aikin. An kuma gano tana rage ƙarfin sakwinabir, ɗaya daga cikin tsofaffin magungunan ƙanjamau, da kusan rabi. Ɗanyarta da lemon tsami kafin a karya kumallo kan tayar da ƙwannafi, musamman ga mai gyambon ciki. Idan yawan ƙwayoyin ne ya gundiri Mama, a koma wurin likitanta a gaya masa haka, domin akwai magungunan da aka haɗa biyu ko uku a ƙwaya ɗaya da ake sha sau ɗaya a rana. Tafarnuwa kuma ta ci gaba da ci a miya, a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano.

Almajirin Malam ya amsa:

Allah ya saka wa waɗanda suka gabace ni. Tunda an ambaci cin ta ɗanya, zan ƙara abin da ya shafi masallaci, musamman saboda maigidan naki. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda ya ci tafarnuwa ko albasa da ya nisanci masallaci, kuma malamai sun bayyana cewa illar ita ce warin da yake cutar da masallata da mala'iku. Sayyidina Umar ya faɗa a huɗuba cewa wanda zai ci su ya kashe su da dahuwa. Ita kanta halal ce. Hujjar wannan tana cikin Sahihu Muslim: lokacin da Annabi yake zaune a gidan Abu Ayyubal Ansari bayan hijira, ya mayar da wani abinci bai ci ba saboda akwai tafarnuwa a ciki, da Abu Ayyub ya tambaye shi ko haramun ce, sai ya ce a'a, warinta ne ba ya so. Wannan sahabin a ƙasar da kuke yake kwance, domin ya rasu a yaƙin da aka kai birnin Kustantiniyya a zamanin Mu'awiya, kabarinsa yana Istanbul a unguwar da ake kira Eyüp da sunansa, inda Sarki Muhammad Alfatih ya gina masallaci bayan ya ci birnin a 1453.

Akwai kuma wata magana da take yawo a waya cewa tafarnuwa tana maganin cuta saba'in, ana jingina ta ga Annabi. Ba ta cikin Buhari ko Muslim, ina roƙon kada a tura ta gaba sai an tambayi malaman hadisi matsayinta.

Hajiya Mai Yaji ta amsa:

'Yata Maman Ilham, ki bi maganar Mai Kemis a kan Mama, ba ni da ja a nan. Amma ina ganin ya ɗan tsananta, domin iyayenmu sun daɗe suna haɗa tafarnuwa da citta da zuma idan mura ta kama mutum, ana kuma jin sauƙi, ba su taɓa cewa ta maye gurbin asibiti ba. Ni girki na sani. Kada ki sa ta a mai mai zafi ita kaɗai, sai albasa ta yi laushi tukuna, saboda tana saurin ƙonewa, idan kuma ta ƙone ɗacinta zai bi miyar duka. Idan kina son ƙamshi mai sanyi ki jefa ƙwayar ɗungum a farfesu, idan kina son ƙarfi ki daka ta ki zuba dab da saukewa. Wajen saye ki matsa dunƙulen, ki ɗauki mai tauri da nauyi, ki bar wanda ya fara tsiro. Ni na fi son ƙananan nan da ake kawowa daga Sakkwato da Agadas a kan manyan farare na China, ko da yake ɓarar su aiki ne. Don sauƙi nakan niƙa da yawa in zuba a kwalba in rufe da man gyaɗa in ajiye a kantar kicin, ki gwada za ki ji daɗinsa.

Mai Kemis ya sake amsawa:

Hajiya, Allah ya ƙara girma. A kan mura ba mu saɓa sosai ba: abin sha mai ɗumi da zuma yana lafar da maƙogwaro, illa dai a 2014, da masu nazarin Cochrane, ƙungiyar da take auna binciken lafiya, suka tace binciken da aka yi kan tafarnuwa da mura, gwaji ɗaya tak na mutum 146 ne ya cika sharuɗɗansu, suka ce hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba. Zumar ma ba a ba jaririn da bai shekara ba, kuma ba a ɗaura dakakkiyar tafarnuwa a fatar yaro ko a cusa ta a kunne, domin tana ƙona fata.

Inda zan roƙe ki ki canza shi ne ajiyar cikin mai. Tafarnuwa a ƙasa take girma, tana iya ɗauko irin wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum, wadda take yaɗuwa a inda babu iska kuma babu tsami, yanayin da mai yake samarwa a kwalbar da aka bari a kantar kicin. Dafin da take fitarwa yana shanye jijiyoyi har ya kai ga numfashi, kuma ba lallai ne a ga alamar lalacewa ko a ji wari ba. A 1985 mutum 36 sun kamu da shi ta hanyar yankakkiyar tafarnuwa cikin mai da aka yi amfani da ita a wani gidan abinci a Vancouver ta ƙasar Kanada. Idan an haɗa ta da mai a sa a firiji a cinye cikin kwana huɗu, inda ake yawan ɗauke wutar lantarki kuma gara a busar da ita a daka, kamar yadda ake yi wa yaji. Ke Maman Ilham da wuta ba ta yanke muku, ki niƙa ki raba cokali-cokali ki sa a firiza, zai yi miki watanni. Idan kuma kin sayi turşu, jiƙon kayan lambun da Turkawa suke yi da ruwan kal da gishiri, kika ga tafarnuwar ciki ta koma kore ko shuɗiya, tsamin ne ya taɓa sinadaranta, ana cin ta haka.